Makabartar Ciyawa

Ni dai abin da na roƙi jama'a ba wani abu ba ne mai wuya. Cewa na yi su taka. Su bi ta kan ciyawa da ƙafafunsu kamar yadda suka saba tun kakanninsu, su kuma bar awakinsu su ci, shi ke nan fa. Mutanen da in ka shanya barkono a ƙofar gida sai sun bi ta kansa, wai ranar da aka ce musu su taka, ranar ce ladabi ya kama su!

Sunana Mika'ilu, ɗan Malam Labaran na unguwar Kusfa a birnin Zazzau. A daminar 1988 ina kan digiri na biyu a fannin tsirrai, kuma bincikena tambaya ɗaya ce tak: idan taku da kiwo suka dami ƙasa, waɗanne ciyayi ne ke jurewa, waɗanne ne ke ɓacewa? Malamin da ke duba aikina, Dakta Yakubu, mutumin Wusasa, ya riga ya gaya mini zai bar ƙasar a ƙarshen shekara, kuma babu wanda zai ɗauki aikin bayansa.

"Damina ɗaya gare ka, Mika'ilu," in ji shi. "In kaka ta yi, ka yanke ciyawar, ka tono saiwoyin, ka auna, ka kawo mini. Saiwa ita ce maganar. In ba ka kawo ba kafin na tafi, to ka manta da digiri, ka je ka nemi koyarwa."

Na zaɓi wani fili a cikin ganuwa, wajen Ƙofar Kuyambana, inda gidaje suka ƙare sai gonaki da kududdufai. Akwai wata turba a wurin da mutanen ƙauye ke bi su shigo gari da itace da dawa da awaki. Ƙafa ba ta yankewa a kanta tun safe har yamma, abin da nake nema ke nan. Na auna 'yan filaye goma sha biyu, kowanne tsawon mita ɗaya, faɗin rabin mita. Shida a tsakiyar turba, a buɗe, don a taka a ci. Shida a gefe, a kare, don kada komai ya taɓa su. Na kafce kowanne na tsince saiwoyin da ke ciki, domin duka su fara daga ƙasa tsirara. Ƙasar da aka kafce kuwa kowa ya sani tudu take yi. Na kuma jera su kudu da arewa saboda rana ta dake su daidai wa daida.

Da farko da turakun ƙarfe na yi musu alama. Ba su yi mako ba suka tafi maƙera. Na kewaye shidan da ragar waya, ita ma ta tashi, ina jin har yau tana nan akurkin kajin wani ce. Na kafa turakun itace, gara ta ci rabi, masu girki suka kwashe sauran. Da takaici ya ishe ni, na ce to bari in sa abin da ko mahaukaci ba zai sata ba. Na je juji na kwaso fasassun tukwane, na kafa ɗaya a kan kowane fili, ɗaya a gindinsa. Waɗanda nake son karewa na saro ƙayar magarya na lulluɓe su. Na ja da baya na duba aikina, wallahi har na ji daɗi a raina, na hau kekena na koma gida.

Aka yi ruwan shuka, na dawo in ga abin da ya tsiro. Turba ta tashi! Turbar da ta fi kakana tsufa ta yi kwana, ta zagaye filayena ta can nesa, ta koma ta haɗe a gaba. Shidan da na bari a buɗe kuwa, wani mai neman lada ya saro ƙaya ya lulluɓe su tsaf, har ya fi ni iyawa.

Na jingine keke na fara janye ƙayar ina ƙunƙuni. Sai na ji murya a bayana.

"Kai bawan Allah, ka ji tsoron Allah mana! Karnuka kake so su tone su?"

Na waiga, wani dattijo ne da damin itace a ka, yana kallona kamar ya kama ɓarawo a rumbu.

"Su tone wa, baba?"

"Yaran mana. Ba ka ga kaburburan yara ba ne?"

Na sake duban aikina. Tudun ƙasa mai tsawon yaro, kudu da arewa, fasasshiyar tukunya a kai da ƙafa, ƙaya a sama. La'ilaha illallahu! Ni ɗan gidan malamai, wanda ya raka gawa ba adadi, na zauna da tef da kamfas na gina makabarta ban sani ba.

Na yi wa dattijon bayani. Na ce ba kowa a ciki, ciyawa nake nazari. Ya ce ciyawa? Na ce ciyawa. Ya ce wace ciyawa ake binnewa? Na ce ba binne ta na yi ba, jira nake ta fito. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya ba ni lafiya, ya gyara daminsa ya wuce ta sabuwar turba.

Daga ranar na zama mai wa'azi. Duk wanda ya biyo hanyar sai na tare shi: "Malam, don Allah bi ta nan, taka, ba kabari ba ne." Wasu su yi dariya, wasu su yi a'uziyya, wasu su ce to, sun ji, amma dai su zagaye. In ka shawo kan mutum ɗaya yau, gobe wasu goma ne daga wani ƙauyen daban. Na kafa allo na rubuta da boko cewa filin bincike ne, a taka. Masu itace ba su karanta boko, allon ma sai ya ƙara wa wurin kama da makabarta. Na ce to, ai suna karanta ajami, na sake rubutawa da ajami. Wannan shi ne babban kuskure. Tun daga nesa da sun hango baƙaƙen Larabci sai su ɗaga hannu su shafa fatiha, ba mai matsowa ya karanta. Har wani ya zo ya yayyafa wa tudun ruwa. Ruwa! A binciken da nake auna ruwan sama da kwalba!

Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa, tana ta fitowa, duka goma sha biyun iri ɗaya, lif-lif, ba wadda aka taɓa. In aka ci gaba a haka, abin da zan kai wa Dakta Yakubu shi ne na gano ciyawa tana tsirowa in an yi ruwa.

Sai na yanke shawara, tunda ba za su taka ba, ni zan taka. Kullum da safe in zo in janye ƙayar da aka maido, in naɗe ƙafar wando, in yi ta kai da kawowa a kan shidan nan, ina dannawa da dunduniya. Ranar farko wasu mata masu tallar dawa suka hango ni. Ɗaya ta dire kwandonta ta ɗora hannu a ka tana salati da ƙarfi, sauran suka ja ta suka ruga. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Na tarar da mahaifina a zaure, ya rufe littafin da ke gabansa, ya sa yatsa a tsakiya.

"Mika'ilu, zauna. An ce an gan ka kana rawa a kan kaburburan yara."

"Malam, ba rawa ba ce, kuma ba kaburbura ba ne."

"To alhamdulillahi, an rage biyu. Mene ne?"

Na kwashe komai na gaya masa, tun daga turakun ƙarfe har zuwa ajami. Bai katse ni ba, amma ina ganin gemunsa yana motsi.

"Wato kai da duk karatunka, ba ka ga alƙibla ba lokacin da kake jera su?"

"Rana nake dubawa, Malam."

"To juya su mana, su kalli wani wajen."

"In na taɓa su yanzu damina ta wuce ni. Sai dai baɗi, baɗi kuma babu Dakta."

Sai ya ce zai yi wa jama'a magana. Ya kuwa cika alkawari. Bayan sallar la'asar ya miƙe a masallacin unguwa ya sanar cewa tudun da ke wajen Ƙofar Kuyambana aikin makarantar ɗansa ne, babu ɗan Adam a ciki, duk wanda ya bi ya taka babu laifi. Abin da na samu daga sanarwar nan shi ne suna. Daga ranar duk Kusfa ba mai ce mini Mika'ilu, sai Sarkin Makabarta. Teloli su leƙo daga shago: "Ranka ya daɗe, ya mamatan?" Kuma ko mutum ɗaya daga cikinsu ba ya bin waccan turbar. Masu bin ta ba a Kusfa suke la'asar ba.

Taku dai na samu, da ƙafata. Saura kiwo. Makiyaya sun daina barin ko ɗan akuya ya doshi wurin, har jifa suke yi in dabba ta nufi can. Dole na je wurin Gwaggo Batulu, ƙanwar mahaifina, wadda ke da awaki a bayan ɗakinta kuma take ji da su fiye da yadda take ji da mu.

"Gwaggo, aron awaki na zo."

"Biki za ka yi?"

"Ciyawa za su ci mini."

"A makabartar taka? Allah ya kiyaye!"

"Haba Gwaggo, ai kin ji abin da Malam ya faɗa. Ba kowa a ciki."

"Ni na sani, ɗan nan. Amma mahauta sun sani? In Sallah ta zo aka ce ga akuyar Batulu da ta yi ƙiba da ciyawar kabari, kai za ka ci namanta?"

Na yi magiya, na yi rantsuwa, na tuna mata ni ne mai kai mata niƙa tun ina ƙarami. Da ƙyar ta ba ni guda uku, da sharaɗin in maido su kafin rana ta take, kuma kada in bi da su ta kasuwa. To ku dube ni: mai neman digiri na biyu, riga a soke cikin wando, biro a aljihu, ina jan awaki uku da igiya a lungunan birnin Zazzau, su suna turjewa, yara suna bina da waƙa. Keke ma na daina hawa, don ba a jan akuya a kan keke, na gwada. In na isa in janye ƙaya, in ɗaure su a kan shidan, in tsaya gadi. Ranar da na ɗan zagaya bayan ganuwa don uzuri, kafin in dawo wani mai tausayin mamata ya kwance su ya kora. Na wuni ina neman su a gonakin mutane. Abin da Gwaggo ta gaya mini a ranar ba zai maimaitu ba.

Haka na ci daminar nan, haushi safe da yamma. Na rame, ƙaya ta yayyage mini hannu, muryata ta dishe da "ba kabari ba ne." Amma abin mamaki, aikin ya fara magana. Shidan da ni da awaki muke gallaza wa suka koma gajeru, tuji da kiri-kiri suka kwanta suka shimfiɗe, tsidau ya bazu yana jiran ƙafar mutum. Na cikin ƙaya kuwa ƙyasuwa ta miƙe har ƙugu, ga gamba, ga tafasa a ƙarƙashi tana neman rana. Ko makaho ya shafa zai san ba ɗaya suke ba.

Dakta Yakubu ya zo sau ɗaya ya gani. Da ya sauko daga mota ya hango jerin, ga allon ajami, ga ni da awaki, sai da ya dafa ƙofar motar don dariya. Da ya gama ya share hawaye, ya tsugunna ya daɗe yana duba ciyayin.

"Wannan aiki ne mai kyau, Mika'ilu, ba wasa nake ba. Amma abin da ke sama rabin labari ne. Ka tono mini ƙasan nan kafin ciyawar ta bushe, in ga inda kowace ta ɓoye ƙarfinta. In ka kawo, ni zan tsaya maka."

Ban taɓa jin daɗin magana irin wannan ba. Na koma gida ranar har ina yi wa awaki hira.

Ruwa ya ɗauke, dawa ta fara sunkuyawa. Na maida wa Gwaggo awakinta gaba ɗaya, muka rabu ba wanda ya yi wa wani godiya. Na yi 'yan kwanaki ina kai da kawowa makaranta, ina haɗa buhuna da ma'auni da rariyar wanke saiwa. Da komai ya kammala, na ɗaure lauje da fartanya da diga a bayan keke, na fita da sassafe don in gama tonon kafin turba ta cika, kada a taru a kaina.

Na isa na sauke kaya. Bisa al'ada na fara ƙirga filayen, sai na samu goma sha uku. Na sake ƙirgawa. Goma sha uku.

A ƙarshen jerin na gefe ga wani sabon tudu, ƙasarsa ja, ko tsinke bai fito a kai ba. Tsawonsa daidai da na filayena, kudu da arewa, da fasasshiyar tukunya, da ƙaya ɗanya. Nan take raina ya ɓaci. Na ce wato iskancin telolin Kusfa har ya kai su tako ƙafa su zo nan su ƙara mini ɗaya? Na fizgi fartanya na nufi tudun, niyyata in baje shi da bugu ɗaya.

"Salamu alaikum."

Wani mutum ne ya taso daga gindin ganuwa, inda yake tsugune ban lura da shi ba. Ba zai wuce sa'ana ba, rigarsa ta shuɗi ta koɗe, ga gammo a hannunsa irin na masu itace. Na amsa sallamar ciki-ciki, bakina cike da bayanin da na saba.

"Gyara ka zo yi, Malam? Allah ya ba da lada. Wannan na ƙarshen tawa ce."

Na sauke fartanyar a hankali.

Ya ce sunansa Ƙasimu, daga wani ƙauye can bayan kogi. 'Yarsa ce, Tani, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Zazzaɓi ya kama ta, ya saɓo ta a kafaɗa ya shigo gari neman magani, kafin su kai ko'ina ta cika a hanya. Gida da nisa, rana ta yi zafi, shi kuma baƙo ne. Matar wani ɗan garinsu da ke aikin gini a nan ta yi mata wanka, shi da abokan tafiyarsa suka yi mata salla, suka kawo ta nan shekaranjiya.

"Da na koma ba ita, uwarta ta yi ta kuka, wai na bar mata 'ya a garin mutane ita kaɗai. Na ce mata wallahi ba ita kaɗai ba ce. Cikin yara 'yan'uwanta take kwance, an jera su gwanin kyau, kuma akwai masu kula da wurin, kullum ƙaya sabuwa. Sai da na gaya mata haka sannan ta iya cin abinci."

Maganar nan ta "ba kabari ba ne" tana nan a kan harshena. Na faɗe ta ga dattawa, na faɗe ta ga mata, na rubuta ta da boko da ajami, ba abin da na iya faɗa a duniya kamarta. Na dubi digar da ke ƙasa. In na fara, kafin azahar ramuka goma sha biyu ne a buɗe, ba komai a cikinsu sai saiwa, ga yarinyar mutane kwance ita kaɗai a bakinsu. In na bari sai ya tafi, ranar kasuwa zai biyo ta nan da itacensa ya gani, ya koma ya gaya wa uwar. In na jira, ƙyasuwa ta riga ta fara zubar da 'ya'ya, Dakta kuma ya fara ɗaure kayansa. Na juya lissafin ta kowace fuska, haushi kamar ya kashe ni, kuma a karon farko tun farkon damina na rasa wanda zan ji haushinsa. Na tattara lauje da fartanya na cusa a buhun da na kawo don saiwoyi, na ɗaure bakinsa. Na san ba yau ba, ba gobe ba, ba zan tona ƙasar nan ba.

Ƙasimu ya matso ya gyara wata ƙaya da ta zame daga kan 'yarsa. Sannan ya ɗago ya dubi fuskata, ban san abin da ya gani a cikinta ba, sai ya rage murya.

"Malam, kai wanne ne naka?"

Na dubi jerin tun daga farko har ƙarshe.

"Ban da taka, duka nawa ne."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ya yar da gammon ya kama hannuna da hannu biyu. "Duka? Kai, Malam! Ni da nake kukan ɗaya. Allah ya ba ka haƙuri, Allah ya ba ka haƙuri."

Na ce amin.